Uban Baftismar Garufaliya

Arjiro matar Sotiris mai alfadarai ce, a ƙauyenmu na kan dutse. Cukun nonon awaki take yi, hannayenta duk ruwan gishiri ya tsattsaga su.

Shekarar da Jamusawa suka mamaye Girka, wani Baturen Ingila ya diro da lema a bayan gari. Gerald Winslade sunansa, malamin jami'a ne kafin yaƙi, Girkancinsa irin na tsofaffin littattafai wanda fada, limamin cocinmu, kaɗai ke ganewa. Wata goma sha huɗu Sotiris yana yi masa dakon nakiyar fasa gada a ƙarƙashin buhunan cuku, Arjiro kuma tana tsince masa ƙwarƙwata a riga. Da ta haifi 'ya mace, shi da bakinsa ya nemi zama uban baftisma. Ya shafa wa jaririyar man zaitun, ya raɗa mata suna Garufaliya. A wurinmu wanda hannunsa ya taɓa man nan ya wuce ɗan'uwa na jini. Kumbare muke kiransa, kuma ba a kai masa kuka ya juya baya.

Jamusawa suka tafi, Baturen ya tafi, mu kuma muka koma yanka junanmu. Gwamnati ta kama Sotiris, wai nakiyar nan 'yan tawaye ya kai wa. Aka yanke masa shekara ashirin a kurkukun tsibiri. Lauya ya ce layi biyu daga hannun Baturen sun isa a sake shi.

Wasiƙa takwas fada ya rubuta wa Baturen a madadin Arjiro. Shiru kamar an aiki bawa garinsu. Matan bakin rijiya suka samu na yi.

"Arjiro, an ce kumbarenki ya zama Lord, yana majalisar manyan Ingila. Ko ke ma sarauniya za a naɗa ki?"

"Wasiƙun ne ba sa isa," in ji ta. "Ku jira ya zo, bakinku zai mutu."

Ya zo kuwa, a shekara ta goma sha biyu da ɗaure Sotiris, don buɗe dutsen tunawa a bakin gadar da suka fasa. Arjiro ta yi wa Garufaliya kitso, ta ɗauki cuku mafi girma, suka yi tafiyar wuni a ƙasa. Suna isa ta tarar da iyaye mata daga ƙauyuka daban-daban, kowacce riƙe da ɗanta ko 'yarta, kowacce da ƙunshi a hannu.

Cikin jawabinsa Baturen ya yi wa manyan baƙi barkwanci. Wai hanya mafi sauƙi ta rufe bakin ƙauye ita ce ka shafa wa jaririnsu mai, shi goma sha ɗaya ya shafa wa. Janar-janar suka yi ta dariya. Ni dai har yau in na tuna dariyar nan raina ɓaci yake.

Duk da haka ta kutsa har gabansa.

"Kumbare, ni ce Arjiro. Ga 'yarka."

"Af, mai cuku! Ina maigida?"

"Yana tsibiri saboda nakiyarka. Layi biyu kawai nake roƙo."

Ya kama hannunta da nasa biyu, masu laushi kamar ƙullun burodi.

"Uwata, maganar ta zama siyasa yanzu. Gwamnatinku ƙawarmu ce, sa hannuna zai ja surutu. Amma zan duba."

Cukun kuwa ya karɓa, ya miƙa wa direba. Arjiro ta tsaya tana kallon motar har ta sha kwana. Ba ta yi kuka ba, kunya ce ta kama ta, kamar ita ta ci amanar.

Bayan mako biyu ta shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin. Labari ya riga ta isa. Sotiris ya fito da askakken gemu, yana murmushi da haƙoransa huɗu da suka rage.

"An ce kumbare ya zo. Ya tambaye ni?"

"Ya tambaya."

"Na faɗa musu ai. Ya yake?"

"Ya yi ƙiba."

Sotiris ya yi dariya har da tari.

"To yaushe takardar za ta iso? Don ni bargona ma na riga na ba wa wani tsoho a ɗakinmu. Na ce masa sanyin bana a gida zai same ni."