Tukwanen Mma a Wutsiyar Tirela

Da na bar aikin gadi a wani shagon taya a Adabraka, sai na kama sana'ar ba da hayar kujeru da rumfa. A unguwanninmu na Nima da Maamobi taro ba ya yankewa. In ba suna ba aure, in ba aure ba addu'ar mamaci, ko walimar wanda ya dawo daga Makka. Ina da wata tsohuwar mota ƙarama da ta taɓa yin tasi, sai wani mai walda a Maamobi ya haɗa mini tirela mai taya biyu, da dogon wuya na ƙarfe da ake maƙalawa a ƙugiyar bayan mota. Ni ke tuƙi. Mai lodi kuwa ɗan ƙanwar mahaifiyata ne, tare muka tashi a gida ɗaya. Shi ma furfura ta fara kama shi, amma bakinsa bai tsufa ba.

A lungunmu akwai wata dattijuwa, kowa Mma yake ce mata. Daga arewa ta zo tun tana budurwa, mijinta ya rasu ya bar ta da jikoki, da girkin taro take riƙe su. Tukwanenta manya ne ƙwarai, sai mutum biyu ƙarfafa suke ɗaga ɗaya in ta cika. Wanda ya ci shinkafa da waken Mma, ko dafa-dukanta, ba ya tambayar wa ya dafa. Duk wanda ya ɗauki kujeruna kusan ita yake ba girki, don haka muka saba tafiya tare. Ta zauna a gaba kusa da ni, tukwane a tirela.

Yadda muke lodi haka muka taras ana yi, ba mu taɓa tambayar dalili ba. Ƙarafan rumfa tun jajibiri muke kaiwa mu kafa. Ranar taro kujerun roba ne kawai, mu jera su daga gaba, mu bar wutsiya don abinci. Abinci shi ne ƙarshen shiga, shi ne farkon fita. Ba a ɗora masa kaya, ba a tsallake shi, ba a ajiye shi kusa da hayaƙin mota. Ga shi tirela ba ta shiga lungun Mma, sai mu tsaya a bakin titi a fito da tukwane da zafinsu, a tura su daga baya, a ɗaure.

Muddin a cikin Nima muke yawo, ba abin da ya faru, don a can mota da mai tafiya a ƙasa gudunsu ɗaya. Amma mutanenmu sun fara gina gidaje a bayan gari, Madina da Adenta da sauransu, taro ya bi su can. Ranar farko da muka hau babban titin Kanda da tukwane a baya, ina ƙara wuta sai na ji bayan motar ya yi sakayau, kamar wani ya ɗaga shi. Na duba madubi, ga tirela tana kaɗa gindi, ta yi dama ta yi hagu, tana jan motar tare da ita. Sitiyari ya zama kamar ba a hannuna yake ba. Mma ta riƙe ƙofa tana salati. Da ƙyar na samu na rage gudu har abin ya lafa.

Ni mutum ne mai saurin zargi, kuma a lokacin ina ɗaukar wannan wayo ne. Na fara da mai walda. Na ja masa tirela ba komai a ciki, na ce ya sa mini lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashi ya karɓi ladan sabo. Ya kwanta a ƙasa ya duba, ya ja igiya ya gwada, ya tashi yana karkaɗe wando.

"Baba, lafiyarta ƙalau. Ranar da za ta yi rawar, ka kawo mini ita da kayanta a ciki in gani."

Na ce a raina, ga maganar mai neman hanyar zillewa. Wa zai ja abincin biki zuwa garejin walda? Ban koma ba. Na canza tayoyi, na zargi mai tayar ma. Akwai wani da ya buɗe irin sana'ata a bayan babbar kwatar unguwa, na yi kwanaki ina duba ƙarƙashin tirela da safe ko an ɗaura mata wani abu.

Ɗan'uwana ne ya fara kawo maganar, muna sauke kujeru.

"Yaya, ka lura kuwa? Jiya mun je har Adenta, ta tafi kamar amarya. Shekaranjiya fa?"

"Ta yi rawa."

"Wa ke cikin mota shekaranjiya?"

"Mma ce."

"Ni ban ce komai ba. Amma ka taɓa tambayar kanka me ya sa ba mai girkin da ke kama ƙafarta a unguwar nan? Gishiri ɗaya ake sayar musu a kasuwar Makola."

Daga ranar na fara sa ido, kuma abin da mutum yake nema shi yake gani. Ranar da ba tukwane, tirela ta bi ni lafiya lau. Ranar da akwai, sai rawa. Na lura ba ta barin kowa ya buɗe murfi kafin a isa. Na lura akwai wata tsohuwar tukunya baƙa da ba ta taɓa bari a gida, ko da ba a cika ta ba. Na lura leɓenta na motsi in ana ɗaurawa. Yau na san bisimilla take yi, kamar yadda uwata take yi a kan tukunya, amma a lokacin komai nata ya zame mini alama.

Da na bar abin a cikina, da da sauƙi. Sai na kai shi benci. Akwai benci a gefen masallacinmu inda dattawa ke zama bayan la'asar, a nan na ce, "Ni dai ban ce komai ba, amma tirelata ba ta rawa sai da tukwanen Mma." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Kafin mako ya zagayo, maganar ta dawo kunnena da kaya a kanta: wai tukunyar baƙa tana magana, wai an ga tirela ta tashi sama a Kanda.

Mai ɗakina ta tare ni a kan tabarma.

"Malam, kai ka ce?"

"Abin da na gani na faɗa."

"Me ka gani? Ƙarfe ya girgiza. Matar nan ita ta yi mini girkin sunan duk 'ya'yanka, wanne ne a cikinsu ya fito da ƙaho?"

Na ce mata harkar mota ba ta mata ba ce.

Bayan 'yan kwanaki Mma ta zo ƙofar shagona, ta gaishe ni kamar kullum.

"Malam, Asabar akwai suna a Madina."

"Motar ba ta da lafiya, Mma."

"Wadda ta wuce ni ɗazu da kujeru?"

"Tana iya kujeru."

Ta dube ni, ta gyara mayafi. "Tukwanen suna da nauyi, na sani. In sawu biyu za a yi, a yi, ni zan ji da kuɗin man mota."

Na ce zan duba. Ta gane, ba ta sake zuwa ba. Ni kuwa har na ɗauki maganar nauyin nan a matsayin ta tona kanta.

Ba a yi mata faɗa ba, ba wanda ya nuna ta da yatsa. Kira ne kawai ya daina zuwa. Magajiyar matan unguwa, wadda ke raba aikin biki, ta koma ba wata. Mma ta kafa ɗan tebur a bakin lungu tana sayar da koko da ƙosai da safe, manyan tukwanen suna kife a saman rufin ɗakinta. Tirelata kuma ta daina rawa, na ce to, ga shaida.

Ana nan sai wani auren a Adenta. Mun gama lodin kujeru za mu tashi, uban amarya ya tsayar da mu, ya ce a taimaka a tafi da ruwan leda. Aka yi ta jido buhuna ana jibgawa inda ke da fili, wato wutsiya. Muna gangarowa a babban titi sai na ji sakayau ɗin nan da na sani. Tirela ta fara kaɗawa, ta fi ta kowane lokaci. Tsoro ya sa na danna birki da ƙarfi, sai ta turo bayan motar gefe, muka juya, taya ta daki bakin kwalbati ta fashe. Kujeru suka watse a titi. Allah ya kiyaye, ba motar da ke kusa da mu.

Ɗan'uwana ya fito yana riƙe da gwiwa, ya ce a hankali, "Yaya, matar nan ta biyo mu."

Ba zan ɓoye ba, ni ma abin da ya fara zuwa raina ke nan.

Wuyan tirela ya lanƙwashe, dole na kira mai waldan da na zarga. Ya zo a kan babur da kayan aikinsa. Yana kwance maƙalin, wuyan ya yi tsalle sama, saura kaɗan ya fasa masa haɓa, tirela ta zauna a kan gindinta. Ya ja da baya ya tsaya yana kallonta.

"Wa ya yi wannan lodi?"

Ɗan'uwana ya dubi sama.

"Baba, tirela mai taya biyu sikeli ce, taya ce tsakiyarta. In nauyi ya koma baya, wuya zai ɗaga, ya ɗaga gindin motarka tare da shi, tayoyinka na baya su rasa riƙon ƙasa. Kana ƙara gudu sai rawa. Kaya mai nauyi a kan taya yake zama, ko gaba da ita kaɗan, a ƙasa, a ɗaure. Marar nauyi ya bi baya. Kafin ka maƙala, ɗaga wuyan da hannu. In ka ji yana danna ka ƙasa, daidai. In yana neman tashi da kansa, sauke ka sake. Kuma in ta fara rawa ba a danna birki haka, ɗaga ƙafa ake yi daga wuta, a riƙe sitiyari sak." Ya sunkuya ya ɗauki guduma. "Ai na ce ka kawo ta da kaya."

Ban yarda nan take ba, zargi ba ya sakin mutum da wuri. Da aka gyara, na sayi buhunan ruwa na fita ranar Lahadi da safe, titi ba kowa. Na sa su a baya, ta yi rawa. Na matsar da su kan taya, ta bi ni kamar akuya da igiya. Na sake, na kuma sakewa. Sai na tsaya a gefen hanya na kashe mota, na daɗe ban tayar ba.

Na koma benci na faɗi komai, har da kwatance da hannu. Aka saurare ni. Wani ya ce ikon Allah. Wani tsoho ya gyara zama ya ce, "To, na tirela ka warware. Amma ruwa ba ya tsami banza." Aka ci gaba da hirar ƙwallo. Labarin farko ya zagaye unguwa da ƙafarsa, na biyu kuwa sai na ɗauke shi a ka gida-gida, kuma ba kowa ke buɗe masa ƙofa ba.

Na je wurin Mma tana suyar ƙosai. Na tsuguna na yi bayani, na nemi gafara. Ba ta daina juya ƙosai ba.

"Na ce maka nauyi ne da su."

"Kin ce, Mma."

"Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ƙosai nawa za a sa maka?"

Na ce mata auren 'yata ya kusa, kuma ba wanda zai dafa sai ita. Ta ce za ta dafa. Na ce zan zo da tirela, yanzu na san inda ake sa tukwane. Ta ce a'a, ta gode, taron ai a cikin Nima ne. Ranar bikin 'yan matan dako ne suka kawo abincin a manyan kwanoni a ka, suna tafe a jere ta cikin lungu, ita tana biye, an ɗauko mata baƙar tukunyar ita ma.

Na sa aka fara zuba mini daga baƙar tukunyar, na zauna a tsakiyar rumfa na ci a gaban kowa, na nemi ƙari. Da yawa sun ci. Wasu sun ce sun ƙoshi daga gida. Da muka zo tattara kujeru da yamma, na tarar da kwanoni a ƙarƙashinsu ba a taɓa ba, Mma tana bi tana juye su a bokiti.

Magajiya ta ci nata, na gani da idona. Tana shirin tafiya ta tsaya kusa da Mma, ta ce wata mai zuwa akwai sunan jikanta. Shinkafa ta riga ta ba wata, amma in Mma za ta iya miya, to. Matar da take riƙe bikin unguwa gaba ɗaya, yau ana ba ta tukunyar miya.

Mma ta ajiye bokitin, ta goge hannu a zane.

"Mutum nawa ake sa rai, Hajiya?"