Gayyar da Aka Ci Dambu Ba a Yi Noma Ba

Shekarun baya, a daminar da ta biyo bayan wani zaɓe, aka yi wani abu a cocinmu wanda har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mu Hausawa ne Kiristoci, ƙauyenmu yana tsakanin Rano da Kibiya. Cocin ba wani babba ba ne, amma a haka muka tura mai bishara wani ƙauye can wajen Durba, inda wasu 'yan gidaje suka roƙa a ba su mai koya musu Littafi. Albashi kam babu. Wani dattijo Musulmi a garin ya ara masa gona, mu kuma muka yi alkawarin duk damina za mu yi masa gayya mu nome ta tas. Da gonar nan yake ci, shi da matarsa da yara.

Sai zaɓe ya zo ya raba mu gida biyu. Baffana, wan mahaifina, nasu suka ci. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, nasu suka sha ƙasa. Kuma dukansu dattawan coci ne fa! Ranar Lahadi waɗannan su zauna dama, waɗancan hagu, in aka ce a gaisa da juna kowa ya hau buɗe littafin waƙa.

Da gero ya isa noman fari, Baba Fasto ya sa ranar gayya, sai kuma tafiya ta kama shi. Mahaifiyata ce shugabar zumuntar mata, don haka tun asuba muka turara dambu, muka dama kunun tsamiya, aka loda a amalanke. Maza sun fito sosai, har na ce a raina to alhamdu lillahi, abin ya wuce.

A al'adarmu ba a sa fartanya a ƙasa sai babban dattijo ya yi addu'a, kowa ya ce amin, ya fara sara, sannan maza su jera a kan kunya. Baffa ne babba. Yana cire hula, sai Kawu ya ɗaga hannu.

"Dakata, Dattijo. Ni dai ba zan ce amin ga bakin da ya sayar da mu a kan taliya da sabulu ba."

Baffa ya mayar da hularsa ya ce, "Au, zafin kayen bai sake ka ba har yanzu? Ka tafi kotu mana, nan gona ce."

Shi ke nan wuri ya kaure. Mai bishara, bawan Allah, ga fartanya a kafaɗa, ya je wajen wannan ya durƙusa, ya koma wajen wancan. "Iyayena, ku yi wa Allah. Ciyawar nan ba za ta jira mu ba." Ko kallonsa ba su yi ba. Mutanen Baffa suka koma gindin ɗorawa, na Kawu suka koma gindin tsamiya, ana ta jifan juna da magana har rana ta take.

Kun san abin da ya fi ƙona min rai? Aikowa suka yi a kai musu abinci. Suka cinye dambun nan ƙaf, suka shanye kunu, suka karkaɗe riguna, kowane ɓangare ya ce zai sa tasa ranar. Mahaifiyata ta tare Kawu a hanya ta ce, "Kai, ba ka ji kunya ba? Ka ci abincin gayya ka tashi ko kunya ɗaya ba ka nome ba?" Ya ce, "Yaya, ba ruwan mata a wannan magana." Ta ce, "Da ruwanmu, mu muka hura wutar."

Ranar da suka ce za su sa ba ta zo ba. Kowa yana jira ɗaya ɓangaren ya fara, don kada a ce shi ya sauko. Ruwa kuwa ya yi ta zuba, ciyawa ta haɗiye geron. Da muka gaji, mu mata muka ɗauki fartanya muka tafi. Ni da ban iya noma ba, rabin abin da na sare gero ne, har matar mai bishara ta ce in koma ɗibar ruwa ya fi mana alheri. Mun yi iya yinmu, amma lokaci ya riga ya wuce. Geron ya yi ja ya tsuke, abin da aka ɗaure da kaka bai kai su ko tsakiyar rani ba.

Kafin wata damina mai bishara ya haɗa kayansa. Ranar tafiyar na raka mahaifiyata yi musu sallama. A nan yake gaya mata ashe dattijon da ya ara masa gonar yana tsaye a bakin iyaka ranar gayya, ya ga komai. Daga baya dattijon ya same shi ya ce, "Malam, ba kai ka ce min ku duk jiki ɗaya ne ba?" Mai bishara ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, kin ji fa. Tun ranar ban ƙara iya tsayawa a gaban mutanen nan da ƙarfin zuciya ba."

Zaɓe na gaba Baffa da Kawu suka tsinci kansu a jam'iyya ɗaya. Benci ɗaya suke zama yanzu, suna raha. Ba wanda ya taka ya je neman gafarar mutumin nan, kuma ɗakin sujadar da ya gina da hannunsa kara ake ajiyewa a ciki. Ni dai tun lokacin in na ji dattijo ya miƙe yana wa'azin haɗin kai, hannunsa nake kalla, in ga ko ya san fartanya.

Bara na gamu da mai bisharar nan a Kano, yana gadi a ƙofar wani gida, kansa duk furfura. Bayan mun gaisa, abin da ya fara tambaya shi ne lafiyar Baffa da Kawu. Na ce masa suna nan ƙalau. Ya ce, "Madalla, a gaishe min su." Har yau ban isar da gaisuwar ba.