Sikelin Alhaji da Taubashina

Shagon gyaran rediyo da telebijin gare ni a Konni. Taubashina, ɗan gwaggona, shi ke samo mini aikin waje, don shi mai baki ne, ni kuwa in ba ƙarfen narka dalma ne a hannuna ba, ban iya zance.

Wata shekara ya kai ni wurin wani Alhaji mai fataucin albasa a wajen Malbaza. Alhaji ya kafa babban sikelin auna motoci, aka ja waya daga sikelin zuwa ordinater, wato kwamfuta, a buro, ofishinsa. Ta cikin wayar nan lambobin nauyi ke bi ɗaya bayan ɗaya, kamar awaki a ƙofar garke. Amma da an tada injin wuta sai lambobin su rikice, motar da ke cike ta fito kamar babu kome cikinta. Direbobi na rantsuwa, Alhaji na huci.

Na gane hayaniyar injin ce ke shiga wayar. Na ciro allon da ke karɓar saƙon na tafi da shi shago. Maganin hayaniya irin wannan shi ne kondansater, ɗan abu kamar ƙwayar wake, amma zaɓensa ne aiki. In na sa babba, ya shanye hayaniyar har da saƙon. In na sa ƙarami, ya bar kome ya wuce. Na yi ta liƙawa ina cirewa, ina hawa babur zuwa Malbaza in gwada, in dawo. Har Sakkwato na aika neman wasu. Daga baya na ciro wani baƙin zobe daga tsohuwar wayar ordinater, na naɗa wayoyin saƙon biyu tare a jikinsa, na haɗa da ɗan ƙaramin kondansater. Aka tada inji, lambobi suka tsaya cak.

Duk wannan taubashina na zaune gefena, yana zuba shayi yana tambaya.

"Bawana, mi ya sa wanga ba wancan ba?"

"Kai ne bawa," nake cewa, in yi dariya, in bayyana masa. Daɗi nake ji an samu mai saurare.

Ranar da za a nuna wa Alhaji aikin, ƴata ta kwana da zazzaɓi, na kai ta likita. Na ce wa taubashina ya je a madadina.

Shiru, shiru, Alhaji bai sake nemana ba. Sai ran nan wani direbansa ya kawo rediyon mota gyara, yana ta yabon taubashina, wai shi ya gyara sikelin, har masu sikeli na Tsarnawa da Illela sun kira shi. Ya dube ni da tausayi ya ce, "Kai ma ka yi ƙoƙari, malam. An ce ka kusa ƙone allon, shi ya ceto shi."

Na ajiye ƙarfen, na rufe shago.

Na sami taubashina gidan gwaggo bayan la'asar, yana cin dambu. Na maimaita masa abin da na ji.

"Haba taubashi," ya ce, bai ko daina ci ba. "Ai wasa na. In ban ɓata ka ba, wa zan ɓata?"

Gwaggo ta ce daga bakin murhu, "Ɗana, kak ka riƙe shi. Tsakaninku babu hushi."

Nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Da bare ne da na yi faɗa na huce. Shi kuwa ya ɓuya bayan wasan da iyayenmu suka bar mana, inda in na ɗaga murya ni ne mara kunya.

Yanzu yana da shagonsa a Malbaza. Muna gaisawa wurin suna da jana'iza, ya kira ni bawansa, mutane su yi dariya. Ni ina amsawa da sunansa na yanka.