Na Gudu Daga Masu Bincike, Tari Ya Tona Ni

A shekarun da aka fara maganar shari'a a Jigawa, ni mai kiɗan ƙwarya ce a wani ƙauye kusa da Miga. Mijina ya rasu, 'ya'yana duk sun yi aure, ba ni da aiki sai ɗan noman gyaɗa da damina, da rani kuwa biki da suna. In ban je gidan biki ba, mata cewa suke bikin bai yi armashi ba. Bakina kuma, Allah Ya yafe min, ba ya hutawa. Ina da surutu, amma ba ni da sauraro, kuma wannan halin ne ya jefa ni cikin abin da zan ba ku labari.

Bayan kaka tari ya kama ni. Na ce ƙurar sussuka ce, na yi ta shan citta da zuma, amma ina! Na fara ramewa, zani ya daina zama a ƙuguna. Da na ga waƙa tana yanke min a tsakiya, sai na je asibitin sha-ka-tafi na garinmu. Malamin asibitin ya ba ni wata 'yar roba ya ce in tofa kaki, ya kuma yi min wani dogon bayani a kan wasu likitoci daga Dutse. Wallahi ban ji ko rabinsa ba, don ina can ina ba matar da ke gefena labarin wani biki. Na dai ce masa to, na amince, na kama hanyar gida.

A lokacin gari ya cika da jita-jita. Wannan ya ce an hana kiɗa, wancan ya ce bulala ake yi wa makaɗa a bainar jama'a. Gaskiya babu wanda ya taɓa zuwa ya ce min in daina, amma gabana yana faɗuwa, saboda a bikin ƙarshe da na yi wasu samari marasa kunya sun faɗo cikin mata sun taka rawa. Ana nan, ran nan na dawo daga rijiya, sai maƙwabciyata ta tare ni tana haki. Ta ce wata farar mota ta zo, maza biyu da mace ɗaya, sun ce su masu bincike ne daga Dutse, kuma da sunana suka tambaye ni. Jama'a, mu a wurinmu bincike shi ne abin da ake yi in an saci akuya, ko in hukuma ta zo ta birkice maka ɗaki. Na cusa ƙoraina cikin rumbu, na bi motar kasuwa na gudu gidan Yaya, babbar 'yar'uwata, a unguwar Takur da ke Dutse. Ku dubi wauta, daga Dutse suka zo, ni kuma Dutsen na gudu.

Mijin Yaya malami ne mai karantar da littattafai, na ce ai ba wanda zai nemi makaɗiya a gidan Malam. Na ce wa Yaya zumunci ne ya kawo ni. Na tarar an kawo mata jikarta yaye, 'yar yarinya mai kumatu, kuma tun ranar farko ta liƙe min. Ɗakinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, ba ta cin tuwo sai a hannuna. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. In na ji ƙarar mota sai in faɗa ɗaki, barci ya ƙaurace min, abinci ya fita raina. Ni da ake roƙo in yi shiru, sai ga shi ana roƙona in yi magana. Yaya ta fara zargin ko gamo na yi a hanya, Malam ya yi ta ba ni rubutu ina sha, na kasa gaya musu abin da ke cina.

Wata rana da hantsi sai na ji mota ta tsaya a ƙofar gida, wata mata ta yi sallama tana tambayar baƙuwar Miga. Ashe maƙwabciyar nan tawa ce ta yi musu kwatance, bakinta ya fi nawa yoyo. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin gadon ƙarfen Yaya ba, da girmana da komai. Yaya ta leƙo ɗaki ba ta gan ni ba, ta tsaya tana mamaki. Na toshe bakina da gefen zani, amma tarin nan ya ce bai san zancen ba, ya turnuƙe ni har gadon yana motsi. Sai na ji matar ta ce alhamdulillahi, wannan tarin suke nema. Na fito da yanar gizo-gizo a ɗankwalina, na durƙusa ina rantse-rantse cewa na tuba, samarin nan ba ni na gayyace su ba, ƙoran ma suna rumbu in ana so a fasa. Baiwar Allah ta yi dariya har sai da ta zauna a kan turmi.

Da ta huta, ta ce min 'Baba, kwantar da hankalinki,' nasu binciken na ilimi ne, babu ruwansu da kiɗa. Kakin da na bayar ya nuna tarin fuka ne, yana da magani, kuma suna bin masu shi ne don su gano abin da ke sa mutane barin magani a tsakiya, da irin damuwar da ciwon ke jefa su. Yaya tana dariya har da hawaye, ni ma ina taya ta don kunya. Sai matar ta tambayi su wa ke kwana ɗaki ɗaya da ni. Nan dariyar ta ɗauke, muka juya muka kalli yarinyar nan tana wasa da takalmina.

Aka duba mutanen gidan kaf, kowa lafiya, sai ita. Zazzaɓin da take yi da ramar da muka ɗauka ta yaye ce, ashe ciwon ne ya fara shigarta. Likita ya ce ba zai iya rantsuwa a wurina ta ɗauka ba, amma ni na san abin da na sani. Na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina. Yaya ba ta taɓa goranta min ba, Malam kuma ya ce ƙaddara ce, ya riƙa gaya wa ɗalibansa duk wanda tari ya daɗe masa ya je asibiti. Wata da watanni muna shan magani tare, ina yi mata waƙa ƙasa-ƙasa har ta haɗiye nata. Matar nan kuwa duk zuwanta sai ta tambaye ni barcina da yadda zuciyata take, ta ce damuwa ma ciwo ce da ake kai wa asibiti. Na gaya mata abubuwan da ban taɓa gaya wa kowa ba, na ji sakayau. Allah cikin ikonSa muka warke, ni da yarinyar.

Don Allah 'yan uwana, in ma'aikacin asibiti yana muku bayani ku rufe baki ku buɗe kunne, in ba ku gane ba ku sake tambaya. In an ce ana nemanku, ku tsaya ku ji neman mene ne kafin ku ɗaure kaya. Wanda ya gudu da ciwo kuwa ya sani, gidan wanda ya fi ƙauna zai kai shi. Yarinyar nan yanzu tana ɗakin mijinta da 'ya'yanta, kuma duk haɗuwarmu sai ta tsokane ni irin na jika da kaka. Ta ce kakannin wasu ƙuli-ƙuli suke kawo musu tsaraba daga ƙauye, ita tata kakar tari ta kawo mata. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi, amma ba na barinta ta tashi sai na ja ta jikina na ji yadda take numfashi.