Shukar da nake jira

Ƙamshin ruwan farko jiya ya tuno mini da uwar mijina. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba ƙyanda ta ɗauke ɗana na fari a Malikanchi, na daina zuwa sujada. Ba ta yi mini faɗa ba. Da ruwan shuka ya sauka, ta ja ni gona, tana jefa dawa tana rufewa da diddige.

Ta ce, "'Yar nan, zubar da dawar nake?"

Na ce, "A'a Iya, shuka kuke."

"To, haka muka yi da yaronki. Yesu ma an binne shi, ya tashi."

Dawar ta tsiro a makon. Yaron da Iya kuwa, har na tsufa ina jira. Ubangiji ya tashe mini su tare.