Ba Mu Sauka a Hanyar Isma'iliyya Ba

Mun tashi da asuba daga unguwar Hay el-Sabi' a Alƙahira ranar sha bakwai ga Satumba, 2014, ni da maigidana da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar Ba'amurkiya da muke kira Hajiya. Malamar tarihi ce da ta yi ritaya, ta musulunta da girmanta, ta taho Alƙahira koyon Larabci. Ita ta tsayar da ranar, ta ce ko dai mu je Isma'iliyya ranar nan, ko a fasa. Maigidana ya so a bari sai Juma'a saboda yana da darasi. Ta dube shi ta saman tabarau, shi ke nan, darasi ya haƙura.

A tasha muka karya da burodi da wake da ƙosan mutanen Masar da suke kira ta'amiyya, mai koren ciki kamar an kwaɓa shi da zogale. Araha kam babu laifi, sai dai yaji ne babu. Muka shiga ƙaramar bas, direba yana ta ihun "Yalla, yalla!", wai a yi sauri, alhali shi muke jira ya gama shan shayinsa.

Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya. Dama da hagu rairayi ne da masana'antu jefi-jefi. A nan na tambayi Hajiya me ya haɗa ta da wannan rana. Ta ce a rana irin ta yau, shekarar 1787, manyan ƙasarsu suka sa hannu a kundin tsarin mulki, kuma a cikinsa aka yarda a riƙa lissafa bayi biyar a matsayin mutum uku. Kakanninta suna cikin waɗanda aka lissafa haka. A rana irin ta yau kuma, shekarar 1862, aka gwabza a bakin rafin Antietam lokacin yaƙin basasarsu, wunin da ya fi kowane zubar da jini a tarihin ƙasar. Bayan 'yan kwanaki shugabansu ya yi shelar zai 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye. Ta ce akwai na uku, amma sai mun ga ruwa.

Kafin mu ga ruwan muka ga ta kanmu. Muna dab da wani shingen bincike sai direba ya gangara gefen titi, ya waiwayo ya nuna mu ukun.

"Ku sauka ku taka da ƙafa, ku same ni a gaba. In aka ga baƙi a motata za a ɓata mini lokaci."

Kowa a motar ya san ba zai jira mu ba. Kuma a kujerar gaba akwai wani farin mutum da harshensa ya nuna ɗan Siriya ne, baƙo kamar mu, ba wanda ya ce masa ya motsa. Waje kuwa rana ta fara zafi, babu ko inuwar tsinke, ga Hajiya da ciwon gwiwa.

Maigidana ya fara miƙewa yana cewa "ma'alish", wato ba komai. Ban ga laifinsa ba. Haka duk muka saba a ƙasar nan, a kira ka "samara" a titi, wato baƙi ƙirin, ka sunkuyar da kai ka wuce don kada takardar zamanka ta samu matsala. Amma na dubi Hajiya, na ga ta kafa sandarta a ƙasa, ta ɗora hannu biyu a kai, ta gyara zama. Ba ta gane duk abin da direban ya faɗa ba, yatsan da ya nuna mu da shi ta gane. Sai na riƙe gefen jallabiyar maigidana.

"Malam, zauna," na ce masa. Na juya ga direba da Larabcin da na sha wahalar koya. "Malam direba, abin da kowa ya biya muka biya, takardunmu cikakku ne. Ba inda za mu sauka sai Isma'iliyya."

Ya kashe mota. Zafi ya cika ta nan da nan, fasinjoji suka fara tsaki, wani ya ce mu taimaka mu sauka yana da aiki. Na ce masa shi ma yana iya takawa da ƙafa in yana sauri. Can sai wata Bamisriya mai kwandon agwagi a cinya ta ɗaga murya daga baya.

"Ka ji tsoron Allah! Da uwarka ce, za ka ajiye ta a hamada?"

Agwagin ma suka taya ta. Direba ya yi ƙunƙuni, ya tayar da mota.

Gaskiyarsa ɗaya, an daɗe ana duba fasfonmu a shingen. Mutane suka yi ta hararmu. Ba mu ba kowa haƙuri ba, don ba mu yi wa kowa laifi ba.

Isma'iliyya gari ne mai sanyin rai, itatuwa ko'ina, tsofaffin gidaje masu baranda, ga mangwaro burjik a kan amalanke, mai araha da zaƙi kamar zuma. Muka ci soyayyen kifi da jar shinkafa, sannan muka gangara bakin mashigin Suez. Jirgin ruwa ya zo wucewa, tsayinsa ya fi gidan bene, sai ka rantse a kan rairayi yake tafiya. An hana mu ɗaukar hoto, ba mu kuma samu haurawa ba. Hajiya ta nuna tsallake da sanda, ta ce wancan ne Sina'i. A rana irin ta yau, shekarar 1978, a fadar shugaban Amurka aka sa hannu a yarjejeniyar Masar da Isra'ila, wadda ta buɗe hanyar mayar wa Masar wannan ƙasa. Tun tana koyar da yara labarin take son ganin wurin da idonta. Ta daɗe a tsaye, ba mu katse ta ba.

Da la'asar muka shiga babbar bas, muka iso gida ana kiran magariba, da ledar mangwaro da ta yage a matakalar bene, maigidana yana bin su ɗaya-ɗaya har ƙasa.

'Yan uwana ɗalibai, ga abin da na ƙaru da shi. Masar tana da mutanen kirki, mai agwagi shaida ce, amma ba ta buɗe baki ba sai da ta ga mun ƙi tashi. An ce mana haƙuri maganin zaman duniya, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da muke yi a motocin garin nan ba haƙuri ba ne, tsoro ne muka sa wa rawani. Karatu ya kawo mu, ba bara ba. Ni dai daga ranar nan, kujerar da na biya, sai na kai inda za ni zan bar ta.