Esin motar da ya bar mini

Shekarun baya kaɗan, a watannin da na yi takaba, na koyi duba esin mota ba tare da na taɓa sha'awar hakan ba. Ɗazu na ga wata a nan tana ƙorafin esin motarta ya daina sanyi, shi ya tuna mini.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, aikin haɗa sola yake yi. Da ya tashi sayen mota bai sayi mai shan fetur ba, ya sayo wata 'yar ƙarama mai caji, ta hannu, ya haɗa mata wajen caji da solar da ke kan rufinmu a Dutse Uku, nan Jos. 'Yan unguwa suka daɗe suna tsokanarsa wai ya sayo tocila mai taya. A cikinta ya koya mini tuƙi. Abu biyu ya ja mini kunne a kai: kada in taɓa wayoyin nan masu kauri masu launin ruwan lemo, kuma kada in bari masu zuba gas na bakin titi su taɓa esinta, don man da ke cikinsa daban yake da na motocin fetur.

Ya rasu ana gab da fara ruwa. Sati biyu gidan ya yi a cike, daga nan masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa. 'Yarmu ɗaya ce, tana aure a Bauchi, ita ma dole ta koma. Mahaifiyata ta taso daga unguwar Congo-Russia ta zauna da ni, amma ciwon gwiwa ya sa yawanci a kwance take. Gidan ya yi shiru har ina jin ƙarar firij daga tsakar gida.

Motar tana ajiye a ƙarƙashin rumfa. Na san ana so a riƙa kunna ta lokaci-lokaci don kada ƙaramin batirinta ya mutu, don haka wata rana bayan la'asar na shiga na danna maɓalli. Esi ya taso da kansa, a yadda ya bar shi. Iskar da ta bugi fuskata ƙamshin turarensa ce, kamar yanzu ya dawo daga masallacin Juma'a ya rufe ƙofa.

Mai takaba ba ta shafa turare, kayansa kuma an riga an wanke an raba. A duk gidan babu inda ƙamshinsa ya rage sai cikin motar nan. Kunnawar da aka ce a yi sau ɗaya a sati ta koma kullum. Ina rufe gilasai in zauna a kujerar direba da hijabina, a garin da ba a cika neman esi ba, har yatsuna su yi sanyi. Na taɓa tambayar mahaifiyata ko zaman nan ya saɓa wa takaba. Ta ce ai ba ni na shafa ba, in dai zan riƙa sa rigar sanyi.

A wata na uku iskar ta fara raguwa. Fanka tana ƙara kamar da, amma in na kai tafin hannu bakin ramukan iskar sai in ji ɗan huci kawai. Daga baya ya zama in an yi kamar minti ashirin sai ta ɗauke gaba ɗaya. Tsoro biyu suka kama ni. Na farko ban faɗa wa kowa ba. Na biyu shi ne in na fita takaba ni zan riƙa kai mahaifiyata asibiti, ga damina ta kankama. Duk mai tuƙi a Jos ya san in ana ruwa tururi yake rufe gilashin gaba daga ciki, kuma esi ne ke share shi.

Na kira ƙanin maigidana, direban bas ne a Kwararafa. Tun kafin in gama bayani ya ce gas ne ya ƙare. Washegari ya zo da wani mai gyaran esi ɗauke da tukunyar gas. Na tsaya daga bakin ƙofar falo. Mutumin ya buɗe bonet, ya leƙa, ya sake leƙawa.

“Oga, ina injin?”

Ƙanin maigidana ya ce babu, ya dai zuba gas ɗin kawai. Na ce a'a, marigayi ya hana.

“Anti, shekara nawa ina tuƙi? Esi in ya mutu gas ne. Ko kin fi mu sanin mota ne yanzu?”

“Ban fi ku ba. Yayanka dai ya fi ku sanin wannan.”

Mai gyaran ya zama kamar ya samu mafita. Ya ce shi ma dama bai son taɓa motar da wuta ke yawo a cikinta, yana da yara ƙanana. Ya ɗauki tukunyarsa. Ƙanin maigidana ya tafi yana cewa in an ga dama a kai ta Abuja bayan takaba.

Karatuna bai wuce sakandare ba, littafin motar kuma da rubutun China yake, hotunan kawai nake bi. Amma lokaci ina da shi, fiye da yadda nake so. Na fara da kunne. Na kunna esi na zagaya gaban motar, na ji kwamfiresa tana ɗan gurnani, na ce to wannan da ranta. Na buɗe akwatin fis, na bi hoto na zare na esi da na fanka, na ɗaga su a rana, babu wanda ya tsinke. Na durƙusa na cire busassun ganye daga ragar gaba da tsintsiya. Mahaifiyata tana kallona ta taga, ta ce da ta san haka zan koma da gareji ta kai ni tun ina ƙarama, ba wajen koyon ɗinki ba.

Abin da ya buɗe mini ido ruwa ne. Na lura duk ranar da iskar ta ɗauke, in na kashe motar, bayan ɗan lokaci sai ruwa ya malalo a ƙarƙashinta da yawa, fiye da ɗigon da aka saba. Mota ban sani ba, amma firij na sani. Ruwa irin wannan ƙanƙara ce take narkewa. Ke nan sanyi yana nan, har ya yi yawa, iska ce ba ta samun hanyar wucewa ta kwashe shi. Da gas ne ya ƙare, me zai daskare? Na koma littafin ina neman inda iska ke bi, sai na ga hoton wata filta, matatar iska, a bayan ɗan akwatin da ake ajiye takardu, gaban kujerar fasinja. Babu waya mai ruwan lemo a wajen, na duba sau uku.

Na matse gefen akwatin ya sauko, na zare wani murfi, na jawo filtar. Ta yi baƙi, ta yi nauyi, tana danƙo a hannu. Duk jikinta tabon mai ne, ɗigo a kan ɗigo, jar ƙasar hanya ta manne a kai har ta zama kamar fata. Ƙamshin ya cika motar. Na kunna esi ba tare da ita ba, iska ta fito da ƙarfi har ta ɗaga gefen hijabina, mai sanyi, ba ta ƙamshin komai.

Da ina zaton ƙamshin jikinsa ne ya kama kujeru. Na ɗauki hoton filtar na tura wa ƙaninsa, ya kira ni. Ya ce:

“Ai Yaya duk Juma'a yake ɗiga mata turare. Tun ranar da kika ce motar na warin taba kika ƙi shiga.”

Na manta ma na taɓa faɗin haka. Ranar da maigidana ya kawo motar ne, warin sigarin mai ita na farko ya bugi hancina, na ce ni kam ba zan shiga ba. Bayan sati ɗaya warin ya ɓace, ban tambayi yadda aka yi ba, shi ma bai ce komai ba.

Ƙanin nasa ya ce zai nemo sabuwa. Na ce kada ya yi gaggawa, ban tabbatar ita ce matsalar ba. Ƙarya na yi masa. Na kakkaɓe tsohuwar a hankali na mayar da ita wurinta, na ci gaba da zamana na bayan la'asar, ina karɓar ɗan hucin minti ashirin. Kwana goma sha ɗaya na yi a haka.

Rana ta sha biyu ruwa ya sauko ina ciki. Ina zaune tururi ya fara hawa gilashi daga ƙasa, na ƙure fanka, bai motsa ba. Cikin ɗan lokaci ƙofar gidanmu da ke gabana taku kaɗan ta ɓace mini. Na tuna gangaren da ke hanyar asibiti da masu keke da ke shigowa ta kowane gefe. Da na shiga ɗaki mahaifiyata ba ta ɗago kai daga carbinta ba ta ce, “Kin gano abin tun tuni, ko?” Na ce eh. Ta ce to, ita ba ta matsa mini ba, gwiwa dai tata ce, ta saba.

Da yammar nan na kira ƙanin maigidana na ce ya kawo sabuwar. Bai samu irin tata ba, ya kawo ta wata mota, na auna da tsohuwar na rage gefe da almakashin ɗinkina. Da hannuna na saka. Ranar da na fita takaba ana yayyafi, na kai mahaifiyata asibiti na dawo da ita, gilashi tas.

Tsohuwar na naɗe ta a leda biyu na sa a ƙasan akwati. Da farko nakan buɗe. Amma in babu iskar da ke bi ta cikinta, warin tsohon mai da ƙasa ne ya fi fitowa, kuma kafin shekara ta zagayo shi ma ya tafi. Ƙanin maigidana ya ce ya san wanda ke haɗa wa yayansa turaren, in ina so ya karɓo. Na gode masa na ce a bari. Ban son in ji shi a jikin kwalba.

Ban ce na koyi wani babban darasi ba. Na dai gane murya tana dawowa in na neme ta, fuska ma haka, amma ƙamshi ba ya amsa kira. Yanzu ko na rufe ido na yi ƙoƙari ba na iya tuno shi, na san dai yana da daɗi. Wani lokaci nakan ce da na ƙara ko sati ɗaya kafin in canza, sai kuma in tuna mahaifiyata tana cije baki in za ta miƙe.

Motar tana nan, har yau ni nake tuƙa ta. Duk wanda na rage wa hanya sai ya yaba sanyinta, wasu har su tambayi wa ke yi mini gyara. Nakan ce ni ce, su yi dariya, ni ma in taya su.